Kwabo a Kan Allura

Faifai ɗaya tak ya rage mana da muryar mahaifiyarmu a ciki. Tun tana budurwa aka ɗauki waƙoƙin mawaƙan cocin ƙauyensu a faifan garmaho, ita ma tana cikinsu. Ta rasu ina aji biyu a sakandare, lokacin babu mai wayar ɗaukar murya a gidanmu. Faifan yana ƙasan akwatin Baba a Sabon Tasha, naɗe cikin tsohon zanenta.

Da idanun Baba suka fara dushewa, sai ya kama zancen faifan nan safe da yamma. Na'urar tana nan, tana juyawa ma, allurar ce ta cinye. Ni kuwa akwai ni da karambani, ga taurin kai da na gada a wurinsa. Na je wurin masu kayan sauti na sayo sabon kan allura, ɗan abu da bai kai kwalin ashana ba, na ɗaure shi a bakin hannun na'urar da kaina. Ban tambayi kowa ba.

Wata Asabar da hantsi maƙwabta suka tafi da Baba ta'aziyya Unguwar Boro, na ce bari in gwada. Sauran faifanmu duk sun daɗe da fashewa, don haka a kan nata na yi gwajin. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ina sauke hannun, allurar ta yi tsalle ta zame. Sai na yi abin da kowa a layinmu yake yi tun muna yara: in allura na tsalle, a ɗora mata kwabo. Baba yana da tsohon kwabo mai huda da ya ajiye don wannan aikin kawai. Na ɗaure shi da roba a kan hannun, na sake saukewa.

Ƙarar da ta fito ba waƙa ba ce. Na sunkuya, sai na ga wani siririn baƙin zare yana murɗewa daga ƙarƙashin allurar. Faifan take ferewa. Na fizge hannun, amma ta riga ta zagaya ta zagaya. Na zauna a ƙasa riƙe da zaren nan a tafin hannuna, ban san waƙa nawa ce a cikinsa ba.

Da Baba ya dawo ya tambaya ko an gyara, na ce ba a samu kayan ba tukuna. Na mayar da faifan cikin zanen, kwana uku ban taɓa shi ba. Ko buɗe zanen na kasa yi, don tsoron abin da zan gani.

Ranar Talata na shiga keke zuwa Makera, wurin wani tsohon mai gyaran rediyo da aka kwatanta mini. Na'urar a cinyata, faifan a ƙirjina. Duk ramin da muka faɗa sai in daka wa mai keken tsawa, shi ma ya rama.

Malam ya karɓi faifan da gefen yatsunsa, ya karkata shi wajen haske.

"Kwabo kika ɗora," in ji shi.

"Haka Babanmu yake yi."

"Babanku da tsohon kai yake yi, mai taurin tsiya, ko dutse ka ɗora masa zai ɗauka. Wannan da kika sayo ɗan gayu ne, laushi gare shi. Hannun nan kuma nauyi gare shi. Ba su dace ba tun farko, 'yata, shi ya sa take jampin. Kika zo kuma kika ƙara mata kaya har ta durƙusa a kan faifan."

"Malam, faifan ya mutu ke nan?"

"Waƙar fari kam sai haƙuri. Sauran, Allah ne masani."

Ya juye wani gwangwani cike da tsofaffin kawunan allura, yana ɗauka yana ajiyewa, har ya tsaya a kan ɗaya. Ya ɗaura shi, ya shiga murza ɗan ƙarfen da ke wutsiyar hannun a hankali, har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ya leƙa shagon maƙerin zinariya na kusa ya aro ƙaramin ma'auni, ya auna nauyin da allurar za ta sauka da shi. Ya gwada a wani tsohon faifansa, sauti ya fito tar.

Na miƙa masa namu, ya ɗaga hannu.

"A'a. Kowane juyi yana cin faifan nan kaɗan. Kai shi gida, mai shi ya fara ji. Kuma in kika sake ɗora kwabo, kada ki zo mini nan."

Da la'asar na zaunar da Baba a kujerarsa. Na sauke allurar a hankali a farkon waƙa ta biyu. Ya ji shashshakar farko kawai ya gane.

"Kin tsallake ta fari."

"Na ɓata ta, Baba."

Bai yi faɗa ba. Na fi son ya zage ni.

"Bar ta ta ci gaba," in ji shi.

Muryoyin mata suka tashi cikin yarenmu, da tafi da ganga, ba tsalle ko ɗaya. Na kasa kunne iya ƙarfina ina neman ta. Mata ne da yawa, duk 'yan mata, duk murya siririya. Can sai Baba ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta saki.

"Ga ta nan. Kin ji ta?"

"Na ji ta, Baba," na ce.

Ban ji ta ba. Ban san wacce ce uwata a cikinsu ba.