Irin Gero da Karsanar Arɗo

A Guci, idan an gama girbi, Kaka Hajo takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da magariba. Mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni kullum can baya nake zama, don ina tsoron tartsatsi.

"Angona matsoraci," takan ce, "matso mana, wuta ba ta cin mijin tsohuwa."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafafunta." Mu ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan maimaita mana. In na tuna daidai, wasu manoma ne da wasu makiyaya, rijiya ɗaya gare su. Kowane rani su yi faɗa a kanta, su taru su rantse sun daina, kafin wata ya mutu an sake fasa kai. Rannan wata tsohuwa ta tare sarkin noma da arɗo a bakin rijiyar.

A nan Kaka kan ƙanƙance ido ta ɗauki muryar tsohuwar: "Rantsuwarku ta fi guga hawa da sauka. Ku bar baki ya huta."

Ta ce manoma su kai irin geronsu ruga a ajiye, makiyaya su kawo karsanarsu mafi kyau a ɗaure a gari. Ba mai karɓar nasa sai ruwan farko ya sauka, ido da ido, kuma bayan girbi a sake sabuwar ajiya. Wanda ya ƙona ruga ya ƙona irinsa. Daga nan rijiya ta zauna lafiya, tatsuniya ta naɗe tabarmarta, mu kuma muka koma kan gyaɗa.

Bayan shekaru, a jami'a a Damagaram, na zaɓi ƙirƙirar wani ƙaramin wasan dabarun yaƙi na ordinata, kwamfuta ke nan, a matsayin memwar ɗina, wato aikin kammala karatu. A wasan, garuruwa ne ke noma, suna yaƙi, suna sulhu. Amma sulhun maɓalli ne kawai: ka danna "na yarda", a zagaye na gaba ka kai hari. Malamin da ke duba aikina ya gwada, ya ture ordinatar.

"Sulhun nan naka ado ne. Ko ka gyara, ko ka cire."

Cirewa na nufin rabin memwar ɗin ya tafi, shekarar ma wataƙila ta bi shi. Kwana biyu ina jin kunyar abin da ya faɗo mini a rai, wato dabarar tsohuwar nan ta tatsuniyar Kaka. Wa zai kai tatsuniya gaban malamai? Duk da haka na sa ta. A wasan, ba a ƙulla sulhu sai kowa ya ba da ajiyar abin da shekararsa ta gaba ta dogara da shi, kuma sulhun yakan ƙare idan ba a sabunta shi ba.

Na ba abokina Sanusi ya gwada, shi da bai taɓa cika alkawari a wasa ba. Ya jera mayaƙansa a bakin iyaka, ya ɗaga yatsa, ya tsaya.

"Kai, Allah wadanka," ya ce. "Irina na hannunsu."

Malamai sun karɓi aikin. Ban ce na warware matsalar irin waɗannan wasanni ba, ƙila sa'a ce ta taimaka. Amma da na koma Guci na nuna wa Kaka, kaina ya ɗan yi girma. Ta daɗe tana duban allon da idonta da ya yi rauni.

"Angona, karsanar fa, wa ke ba ta ruwa?"

Na ce ba kowa, tana nan dai a ajiye.

"To rabi ka ji, don can baya kake zama. Wanda ya shayar da karsanar wani rani guda, ba ya iya ɗaga wa mai ita sanda."

Ni tsoron asara na ɗauka shi ne ke riƙe sulhu, wataƙila don tsoro na fi sani. Ita kuwa sabo take nufi. Yanzu a wasan sai ka ciyar da ajiyar maƙwabcinka da hannunka, kuma a shafin farko, sama da sunana, na rubuta na Hajo ta Guci.