Tafkin da Ke Bayan Tudu

Shekara talatin da ɗoriya Direba ya yi yana rarraba burodi a wata farar mota mai rufaffen baya, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa shiga gidan burodi ta ƙofar gaba ba. Ƙofar gaba ta masu saye ce. Shi ta baya yake shiga, inda ake jingine buhunan fulawa, inda zafin tanderu yake tarbar mutum tun kafin a amsa masa sallama. A can bayan kuwa akwai wata doka da kowa ya sani: duk abin da ya fito da naƙasa rabon direba ne. Burodin da ya ƙone a gefe, kek ɗin da ya lotsa a tsakiya, biskit ɗin da ya karye wajen juyewa, ba a sayarwa, ba a zubarwa, sai a naɗe a takarda a miƙa wa mai ɗaukar kaya. Shi kansa yakan shafa tumbinsa ya ce, "Wannan da kuke gani duk kurakuran mutane ne. Ni dai ajiya aka ba ni."

Ya ajiye aiki, mai ɗakinsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ya rage shi kaɗai a gidansa mai ɗaki biyu, da kujerarsa ta bakin ƙofa wadda ta riga ta ɗauki siffarsa, da keken ɗinkin marigayiya da ya lulluɓe da zaninta bai bari kowa ya matsar ba. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana son abinsa. A nan yake iya yin tari da ƙarfi, ya kunna rediyo yadda ya ga dama, ya bar kofi a inda ya sha shayi.

Sai likita ya ce ciwon suga ne. Direba ya ce shi abin da ya ba shi mamaki shi ne daɗewar da ciwon ya yi bai iso ba, alhali tun yana saurayi yake aika masa goron gayyata. Likita bai yi dariya ba. Auta ma, 'yarsa ta ƙarshe da ta raka shi asibitin, ba ta yi ba. Ita ce mai aure a wani gari mai nisa, kuma ita ce ta gado fuskar uwarta ta lokacin da wasa ya ƙare.

"Baba, magana ɗaya ce," ta ce da suka dawo gida. "Akwai ɗaki a wurina, na share shi, na sa gado. Ko dai ka bar zaƙi ka riƙa motsa jiki, ko in zo in tafi da kai."

"Haba Auta, ni da gidana?"

"Gidan ba zai ɗauke ka ya kai ka asibiti ba ranar da ka faɗi."

Ta ja shi bakin ƙofa ta nuna masa tudun da ke ƙarshen gari. Kullum da safe ya hau ya sauko, in ya yi haka ta bar shi a gidansa. Ta sayo masa takalmin gudu fari sol, irin wanda bai taɓa sawa ba ko yana yaro. Ya kalli takalmin, ya kalli tudun, ya yi alkawari da zuciya ɗaya. A gaskiya da zuciya ɗaya ya yi shi, wannan kam a ba shi haƙƙinsa.

Laifin na ƙafafunsa ne, in ji shi. Washegari ya fito da niyyar tudu, su kuma suka karya kwana suka shiga lungun da suka saba. Kafin ya ankara yana tsaye a ƙofar bayan gidan burodi na farko, wai gaisuwa kawai zai yi. Mai Gashi, mai kula da tanderu, abokinsa tun zamanin tsohuwar mota, ya fito da fulawa har a girarsa.

"Direba! Ka ɓuya. Ga wani gindin burodin madara ya ƙone."

"A'a, likita ya hana."

"Allah sarki. To ɗan wannan dai ba zai kashe ka ba."

A gida na biyu haka aka yi, a na uku ma haka. Kowannensu ya ji labarin likita, ya jajanta, ya rage abin da ya saba bayarwa, ya koma ciki yana ganin shi kaɗai ne mai tausayin da ya karya doka. Direba bai ga dalilin gyara musu wannan fahimta ba.

Da yake yanzu babu motar da ke jiransa, sai ya sami sararin yin abin da bai taɓa yi ba lokacin aiki: ya tsaya ya bambance. Ya gano cewa gindin burodin Mai Gashi ba shi da na biyu a garin, muddin aka ci shi a tsaye da zafinsa. Biskit ɗin kwakwa kuwa sai gidan da ke bayan asibiti, abin da ya ɗauka a matsayin alamar cewa likitoci ma ba su da wata babbar ƙiyayya da shi. Akwai kuma wani kek mai ɓawon lemo da wasu 'yan'uwa mata biyu suke gasawa, wanda ya fi daɗi in ƙaramar ce ta kwaɓa, amma babbar yake yaba wa, don ita ce mai miƙowa.

A gindin tudun aka buɗe wani sabon shago na cakulan. Bai taɓa kai kaya can ba, amma sabo ya sa ya zagaya ta baya ya yi sallama. Mai Cakulan, wata mata mai tabarau da ɗan kwali ɗaure tamau, ta dube shi sama da ƙasa ta tambayi abin da yake nema. Ya ce shi dai ya zo ganin ko akwai abin da ya karye. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce dama tana neman harshen da zai gaya mata gaskiya.

Nan ya sami sabon aiki marar albashi. Ta koya masa kada ya tauna, ya ɗora a harshe ya jira ya narke. Shi da ya shekara yana haɗiye kek a kan sitiyari, yanzu sai ga shi ya rufe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Baƙin mai ɗaci ya ce ya yi kama da nasihar suruki, sai daga baya ake jin amfaninsa. Mai citta ya sa shi atishawa. Ranar da ta ba shi mai gishiri ya ce wannan cin mutunci ne, sa'annan ya nemi ƙari don ya tabbatar. Akwai benci a bayan shagon yana fuskantar tudun. A nan yakan zauna da farin takalminsa, cakulan na narkewa a baki, yana kallon masu hawa da sauka yana yi musu addu'a.

Da la'asar Auta takan kira a waya daga garinsu.

"Baba, ka hau yau?"

"Na hau mana."

"Me ake gani daga can?"

Ranar farko saura kaɗan asirinsa ya tonu, sai kuma ya tuna ai ya taɓa hawa. Sau ɗaya ne, da daɗewa, ranar da motar ta lalace aka ba shi hutun dole, marigayiya ta matsa sai sun je, Auta tana goye a bayanta. Ya buɗe baki ya kwashe abin da ya gani ranar ya zuba mata. A bayan tudun akwai tafki, ruwansa kore-kore, da jerin itatuwa a bakinsa, da balbelu fari fat suna tsaye da ƙafa ɗaya. Auta ta ce, "Ashe garinmu yana da wuri haka."

Daga nan abin ya zame masa sana'a. Kullum sai ya ƙara wani abu. Yau wani mai kamun kifi ya sake wa kwalekwalensa fenti, gobe balbelun sun ƙaru, jibi iska ta kaɗa ruwan har ya yi tsoron hularsa. Yana zaune a benci yana tsara na ranar, har ya fara jin haushin mutanen da suke hawa da gaske, don ya san ba su iya ba da labari kamarsa ba. Bai taɓa tunanin ya zagaya ya duba ba. Bayan tudu babu gidan burodi, babu kantin da ke karɓar burodi, saboda haka tun yana aiki wurin ba ya cikin garin da ya sani. Injin gwada sugan da Auta ta bar masa kuwa, ya ce mata batirinsa ya mutu, kuma irinsa yana wuyar samu.

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya ji tsayuwar mota. Auta ce, ba sanarwa, ita ma da nata takalmin.

"Na sami hutu, Baba. Mu je ka nuna mini tafkin nan naka."

Direba ya ga asirinsa na shirin tonuwa, amma tsohon direba ba ya rasa hanya. Ya bi da ita ta babban titi, ta gaban shagunan, inda babu wanda ya san shi. Suka wuce gaban gidan Mai Gashi, masu sayarwa ko kallonsa ba su yi ba. Suka wuce na bayan asibiti lafiya lau. A gindin tudu Mai Cakulan ta leƙo da ƙaramin faranti a hannu, ya zare mata ido, ta ga baƙuwar fuskar da ke gefensa, ta juya da farantinta kamar dama iska ta fito sha. Ya ce a ransa, kai Direba, da ilimi ka yi da yanzu kai ne wani. Saura hawa kawai.

Hawan ne ya kusa kai shi lahira. Bai san ta inda ake bi ba, ya shiga da ita cikin ƙaya, ya ce yau ya ga damar canja hanya ne. Numfashinsa ya riƙa fita kamar na tsohuwar motarsa a kan gada. Ya tsaya ya ce yana duba wata tsuntsuwa, ya sake tsayawa ya ce igiyar takalmi ce. Auta ta kama gwiwar hannunsa, shi kuma bai ƙwace ba.

Da suka kai sama ya dafa wani dutse, ya jira duhun da ke idonsa ya washe, ya nuna da hannu tun bai duba ba. "To ga shi nan."

Babu tafki. Rufin kwano ne jere har iyakar gani, da tashar manyan motoci, da gidan mai, da wani dogon tankin ruwa da fentinsa ya riga ya koɗe. Itatuwan da ke cikin gidajen sun girma sun wuce katanga, ko makaho ya san ba bana aka yi unguwar ba. Ko balbela ɗaya babu.

"Ikon Allah," ya ce. "Jiya-jiyan nan fa yana nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan dutsen tana kallon rufin kwanon.

"Yaushe rabonka da nan, Baba?"

"Kina goye."

Ya jira faɗa. Ya ma shirya amsoshi, har da wadda zai ɗora wa Mai Gashi laifi. Amma muryar da ta fito ƙarama ce.

"Ka san tun da Mama ta rasu, in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi? Sai da ka fara ba ni labarin wurin nan na samu nake barci. In na kwanta sai in ce Baba yana can yana kallon balbelunsa, ƙafarsa da ƙarfi, zuciyarsa lafiya. Har yarana na gaya wa. Ƙaramar ta zana maka kwalekwalen, yana cikin jakata." Ta share ido da bayan hannu. "Ni ban damu da tafki ba. Kai nake so ka daɗe."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tausayinta, ga baƙin cikin gidansa da ya san ya riga ya kuɓuce masa, da hannunsa, a kan gindin burodi. Ya nemi abin wasa da zai faɗa ya rasa. Ya zauna kusa da ita a kan dutsen, suna kallon motoci suna shiga tasha suna fita.

Can ya yi gyaran murya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗakin nan da kika ce. Yana da taga?"

"Yana da."

"Me ake gani?"

Ta dube shi. "Katangar maƙwabta."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, ba laifi. Sai ki sa mini kujera a wurin. In yaran sun tambaya, zan gaya musu abin da ke bayanta."

Ta yi wata dariya da ta fito tare da kuka, ta kifa kanta a kafaɗarsa. Ya bar ta ta gama, sa'annan ya miƙa mata hannu ta tashe shi, don shi kaɗai ba zai iya ba.