Ƙarfen da Ya Kira Su

Ranar Alhamis ce. Gero ya nuna, dawa ta fi mutum tsayi. Da asuba na hura wuta na dama koko. Mijina, Fasto Ishaya, yana zaune a tsakar gida yana ɗinke takalminsa da ya tsinke. Na ce masa takalmin nan ya isa ritaya. Ya ce shi ma ya isa, amma ga shi yana aiki. Iyakar hirarmu ke nan da safen.

Ƙauyenmu yana bayan Maradun, ta wajen fadama. Mu Kiristoci ba mu da yawa, 'yan gidaje ne a gefen gari, da majami'ar laka mai rufin kwano. Ba mu da ƙararrawa. Wani tsohon wilin mota ne rataye a reshen dogonyaro, kowa yana ce masa ƙarfe. Ana buga shi safiyar Lahadi, da la'asar ɗin Alhamis don zumuntar mata. In kuwa aka ji shi ba a kan lokacinsa ba, to an yi mutuwa, kowa zai ajiye abin da yake yi ya zo.

Fasto yana da wata ɗabi'a da ta sha ɓata mini rai. In an tashi daga sujada, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gaisa da kowa da sunansa. Ya tambayi mai ciwon ƙafa, ya tambayi akuyar da ta ɓata. Ba ya motsawa sai ɗakin ya zama babu kowa, tuwona kuma yana can yana sanyi. Yakan ce wa'azi rabin aikin ne, wanda ya tara mutane shi zai ga fitarsu. Da 'yan bindiga suka fara matsa wa ƙauyukan kusa, manyanmu suka aiko ya koma Gusau. Ya ce to, su aiko da motar da za ta ɗauki ikilisiyar duka.

Da hantsi mata suka tafi gona roron wake. Ina shanya wanki na ji ƙarar babura daga gabas, ta wajen daji. Suna da yawa. Sai harbi, da farko ɗai-ɗai, sannan babu tsayawa. Wani ya wuce ta bayan danga a guje yana cewa, "Sun shigo! Ku ruga!"

Fasto ya fita da takalmi a ƙafa ɗaya. Ya nufi dogonyaro, ya ɗauki sandar bugu, ya dinga dukan ƙarfen da duk ƙarfinsa. Yana so na gona su ji su tsere. Ni ma a lokacin na ga daidai ya yi.

Amma tun da aka rataye ƙarfen nan, ba a taɓa buga shi don wani ya gudu ba. Matan suna cikin dawa inda babu mai ganinsu, iska kuma ta ɗauke musu ƙarar harbin. Suka ji ƙarfe da hantsi, suka ce an yi mutuwa. Suka ajiye ƙorai, suka gyara ɗaurin kallabi, suka fito kan hanya. Na hango su a jere suna tahowa. Saratu maƙwabciyata ce a gaba da goyonta. Wata ta riga ta fara kuka tun ba ta san wa ya mutu ba.

Fasto ya gan su. Sandar ta faɗi daga hannunsa.

Ya je ya tsaya a bakin ƙofar majami'a, inda hanyar gona take ƙarewa. Duk wadda ta iso, sai ya kira sunanta ya tura ta bayan ginin, inda kwari yake gangarawa rafi. "Ku yi rahi! Kar ku tsaya!" Harbi ya iso kasuwa. Hayaƙi ya tashi daga rumbunan unguwar liman. Na kama hannun rigarsa na ja.

"Baban Rahila, mu tahi."

"Ni nak kira su," ya ce. "Tahi da waɗanga. Ina nan tahe."

Na tafi.

Ruwan rafin ya kai mu ƙugu. A ƙetare muka iske Malam Garba, limamin garinmu, da iyalinsa a durƙushe cikin shinkafa. Matarsa ta karɓi goyon Saratu don ta huta. Azahar ta yi, babu wanda ya kira salla. Muka bi bakin lambatun noman rani, ƙafafu suna zubar da jini, ni ban ji zafi ba. Da magariba muka shiga Morai, aka ba mu ruwa da tabarmi. Washegari wata a-kori-kura ta kai mu Talata Mafara, aka zuba mu a ajin wata makarantar firamare.

Ban yi kuka ba. Ina dai zama a bakin taga, duk motar da ta tsaya sai in duba masu sauka.

Da ƙura ta lafa, Malam Garba ya koma garin da wasu maza. Suka dawo da Kaka Lami a bayan babur, tsohuwar ikilisiyarmu wadda idonta ya yi rauni. Ita ta ba ni sauran labarin. Ta ce ita ma ta amsa ƙarfen, tana dogara sanda, ita ta iso daga ƙarshe. Fasto ya goye ta ya saka ta cikin wani rumbu da babu komai, ya rufe. Ta ce masa akwai wuri, ya shigo. Ya ce ƙarfen nan ana jin sa har ƙarshen fadama, wataƙila da sauran wadda ke kan hanya. Ya koma.

Babu kowa a kan hanya. Kaka Lami ce ta ƙarshe.

Malam Garba ya zauna nesa kaɗan, ya yi mini gaisuwa mai tsawo. Ya ce a bakin ƙofar suka same shi. Sun binne shi a gindin dogonyaro. Ya ce in yi haƙuri, ba su san yadda muke yi ba, sun dai yi abin da suka iya. Na ce na gode. Na ji bakina yana faɗa.

Ranar Lahadi muka taru a ajin. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta amsa ƙarfen nan tana wurin, har jaririn Saratu. Wani dattijo ya yi addu'a, aka ce amin, aka fara fita. Na ga Saratu ta rage tafiya a bakin ƙofa, hannunta ya ɗan ɗago, sannan ta mayar da shi cikin zane ta wuce. Na bayanta ma haka.

Ni ban tashi ba sai da ɗakin ya zama babu kowa. Sannan na fita na ja ƙofar.