Irin Riɗin da Na Auna wa Baffa

Jiya 'yata ta dage sai mun haɗa wata miyar riɗi ta mutanen Japan da ta gani a waya. A soya riɗi sama-sama, a daka, a zuba sukari da ruwan tsami da wani baƙin ruwan waken suya. Ƙamshin na tashi daga kasko sai ga ni a ƙauyenmu Dugabau, ina 'yar shekara goma sha biyu, raina a ɓace.

Shekarar da Baba ya rasu ke nan. Gona ɗaya ya bar mana, ta jigawa, inda ake noma farin riɗin da muke ci da shi. Ko arba'in ba a yi ba, Baffa, wan Baba, ya ce mace da marayu ba sa iya gona, shi zai riƙe mana. Kun dai san irin wannan riƙon. Inna kuwa tana takaba.

Da damina ta yi tsakiya sai ga shi a zaure, ko kunya babu. "A haɗa min irin nan na cikin tulu, gobe zan karɓa."

Inna ta ce da ni, "Auna masa, ki cakuɗa da yashi." Haka ake yi a wajenmu, don iri ya bazu daidai wajen yafawa.

Na auna. Amma kafin yashi sai da na bi da shi ta kasko, wuta kaɗan, yadda launinsa ba zai juya ba. Inna ta ji ƙamshi daga ɗaka, ba ta tambaye ni ba. Ya huce, yashi ya rufa min asiri.

Baffa ya yafa, aka yi ruwa, ko tsiro ɗaya babu. Ya zagi tururuwa, ya zagi tsuntsaye, ya dawo neman iri. Na ƙara masa soyayye, da durƙusona har ƙasa. Ranar da na ga ciyawa ta cinye gonar, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Da kaka ya ce, "Ƙasar nan ta mutu, ku riƙe abarku." Da shekara ta zagayo riɗinmu ya yi kyau har ana zuwa kallo.

Yanzu iri a leda ake sayensa a kasuwar Gwarzo, ba mai zuwa zauren wani nema. Baffa ya rasu bai sani ba. An ce a yafe wa mamaci, na kuma ce Allah ya jiƙansa. Amma da zai dawo neman iri, wallahi da na sake hura wuta.