Ranar da Gimbiya Ta Faɗi a Kan Kwalta

Asabar ɗin ƙarshen watan Maris ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Ranar shara ce, wadda ba a barin kowa ya hau titi sai an gama yashe kwata da ƙona bola. Rana ta riga ta take sa'ad da Mama ta ɗora mini bokitin jiƙaƙƙen gero a ka, ta miƙo mini galan ɗin ruwa, ta ce in kai niƙa in dawo da wuri, saboda kunun zaƙin da za ta kai taron zumuntar mata na cocinmu. Na fito daga lungunmu na Kakuri ina tafe ina saƙar zuci kamar yadda na saba, zafin ƙasa yana ratso silifas ɗina. Ina shan kwana zuwa babban titi na hango mutane sun yi cirko-cirko kusa da rumfar mai faci. A tsakiyarsu mahaifina ne tsaye da gajeren wando da farar riga da gumi ya manna masa a jiki, igiya a hannunsa. A ɗaya bakin igiyar kuwa 'yar karyata Gimbiya ce kwance a kan kwalta, harshenta a waje, ba ta ko ɗaga kai.

Gimbiya ba irin karnukan unguwarmu ba ce. Ƙanwar Mama, Anti Saratu, ita ta kawo ta daga gidan da take aiki a Barnawa, da masu gidan za su tashi suka ce ba za su tafi da ita ba. Duka-dukanta ba ta fi zakara girma ba. Fara ce sol, gashinta yana jan ƙasa, ƙafafunta gajeru, hancinta a lotse kamar an danna shi da babban yatsa, in tana barci har minshari take yi. Ranar da aka shigo da ita gidan hayarmu, mai ɗakuna a jere suna kallon juna, matan gidan suka bar wankinsu a bakin rijiya suka zo kallo, wata ta ce, "Saratu, wannan kare ne ko abin goge ɗaki?" Ni kuwa ina ganin dara-daran idanunta na ji ta shiga raina. A lokacin na riga na fara satar karanta littattafan soyayyar da Anti ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kuma duk yarinyar da ake so a cikinsu irin idanun nan gare ta. Shi ya sa na raɗa mata Gimbiya. Da matajin kaina nake taje ta. In muna 'yar gala-gala a tsakar gida sai ta zauna a cikin zanen da muka yi da gawayi ta hana wasa. In na tafi ɗiban ruwa ta raka ni bakin ƙofa, in na dawo daga makaranta in tarar da ita nan, ta ɗora haɓa a kan dokin ƙofa. Da yamma ina wanke-wanke ina ba ta labarin gidan da zan zauna in na girma, mai labule har ƙasa da furanni a baranda, tana kallona kamar ta gane.

Baba bai kula ta ba da farko. Tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki tun yana saurayi, ya zama mutum mai shiru. Yakan wuni a gindin mangwaro da rediyo a cinya, wani lokaci rediyon ma a kashe. In ya je 'yar gonarmu ta alayyafo a bakin kogi, sai ya dawo ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Mu yara mun koyi tafiya a sanɗa. Sai ciwon kai ya matsa masa, likita ya ce hawan jini ne, lallai ya riƙa motsa jiki. Ya kakkaɓe tsohon kambas ɗinsa ya fara fita gudu da sassafe. Wata safiya Gimbiya ta sulale ta bi shi. Da suka dawo muka ji wani abu da muka daɗe ba mu ji ba: Baba yana dariya tun daga bakin ƙofa, yana ba Mama labarin yadda 'yar abin nan take mirginawa a bayansa kamar ƙullin auduga. Daga ranar ya samo igiya, suka zama abokan gudu.

Baba ɗan maharbi ne. A ƙauyensu da ke cikin duwatsun kudancin jiharmu ya tashi tare da karnukan farauta, dogaye, sirara, waɗanda ke wuni suna bin zomo a daji su dawo suna neman ƙari. A wurinsa kare kare ne, kuma don gudu aka yi shi. Yakan ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin karen da gudu ya kashe ba." Akwai kuma wata doka da ya gada daga kakanmu, yana riƙe da ita kamar aya: kare in ya yi gudu ba a kusanta shi da ruwa sai hakinsa ya kwanta, in ba haka ba zuciyarsa ta buga. Ni dai ina lura cewa taku ɗaya nasa, Gimbiya sai ta yi ta jera nata kafin ta cim masa. In sun dawo takan shige ƙarƙashin randa inda ƙasa ke da laima, ta shimfiɗa ciki, ta ƙi abinci har azahar. Mama ma ta gani. Ta taɓa ce masa, "Baban Rifkatu, ƙafafun nan fa ba su fi yatsanka tsawo ba." Ya ce ai ita ke rigansa zuwa bakin ƙofa, wa ya tilasta ta? Kuma gaskiya ne, da ya taɓa kambas take tashi tana kaɗa bindi. Babu wanda ya sake magana. Mun fi tsoron shirun Baba ya dawo.

A ranar da nake ba da labari, shara ta hana su fita da sassafe. Mama ta ce ya haƙura sai gobe, ya ce likita bai ware Asabar ba. Ana buɗe hanya ya ɗaura igiya suka fita, cikin irin zafin nan na gab da damina da ko kaji sukan buɗe baki.

Ban san yadda na sauke bokitin ba. Na ratsa tsakanin ƙafafun mutane na durƙusa. Numfashinta yana fita da ƙara kamar ana zarto. Harshen da na sani ja ya koma wani launi mai duhu, miyau mai yauƙi yana zuba a gefen bakinta. Idanun nan da nake ƙauna a buɗe suke, amma ba ni suke kallo ba. Na kira sunanta, ko kunne ba ta motsa ba. Na taɓa cikinta na ji kamar murfin tukunya. Sai na jawo galan na fara kiciniyar buɗewa.

"Kada ki soma!" in ji Baba. "Ki bar ta ta huce. Yanzu za ta tashi."

Muryarsa ba ta yi kama da ta wanda ya yarda da abin da yake faɗa ba, amma umarni ne, kuma a gidanmu ba a maimaita umarni. Na tsaya da murfin galan a hannu. Mutane suka yi ta kawo shawara, wani ya ce a hura mata iska a hanci, wata ta ce a ɗura mata manja. Can sai ga Sarkin Tukunya, mutumin da ke sayar da farfesun kare a bayan gidan burkutu, wanda duk yaron da ke da kare a unguwar yake canza hanya in ya hango shi. Ya leƙo ta saman kaina, na ji warin hayaƙi a rigarsa.

A littattafan Anti na sha karanta masoyin da ke cewa zai bi abin ƙaunarsa har inda numfashinsa zai ƙare, kuma ina rufe shafin in rungume shi a ƙirji don daɗi. Ban taɓa tunanin haka abin yake a ido ba, da miyau da ƙura da ƙuda yana sauka a gefen baki. Abin da ya faɗo mini shi ne yadda Mama ke yi wa ƙanena in zazzaɓi ya hau shi har yana neman shiɗewa, ta jiƙa tsumma ta bi wuya da hammata da tafin ƙafa. Ban san ko haka ake yi wa kare ba. Na dai zare ɗankwalina, na tuttula masa ruwa, na manna mata a ciki.

"Rifkatu, da ke nake."

Baba bai cika kiran sunana ba, Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na ga inuwarsa ta rufe ni. Har mai faci ya daina buga taya. Ban ɗago ba, ban kuma daina ba. Na sake jiƙa ɗankwalin, bayana duk ya sandare yana jiran saukar mari. Abin da kawai na iya cewa shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, zafi take ji."

Sai Sarkin Tukunya ya miƙo hannu wajen igiyar. "Oga, wannan ta gama. Kawo in hutar da ita. Ko da yake duk gashi ne, naman bai cika cokali ba." Wasu samari suka kwashe da dariya. Na ga igiyar ta miƙe tsakanin hannayen mutum biyu, wuyan Gimbiya ya ɗan ɗagu daga ƙasa ya koma.

"Saki," in ji Baba, a hankali. Mutumin ya dubi fuskarsa, ya saki.

Baba ya sunkuya zai durƙusa kusa da ni, ya dafa kwalta da tafin hannu don ya tallafi jikinsa, sai ya fizge hannun da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya dubi tafinsa. Ya dubi kambas ɗin da ke ƙafarsa. Sannan ya kamo ƙafar Gimbiya ta gaba ya juya, muka ga fatar tafin ta saɓule, ta yi ja. Ya sa hannu biyu ya ɗauke ta daga titin ya kai ta inuwar rumfar, ya karɓi galan ɗin daga hannuna, shi da kansa ya shiga zuba mata a ciki da wuya da cinyoyi. Ya ce in samo kwali in yi mata fifita. Da ruwan ya ƙare, mai faci ya turo kwanon da yake tsoma tub ɗin taya don neman huji, ruwan baƙi ƙirin, ya ce, "Ga shi, Baba, ai ruwa ruwa ne." Da shi muka ci gaba har farin gashinta ya rine.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai mutane sun gaji sun fara watsewa, hannuna ya sage, kuma sau da yawa numfashin yakan ɗauke har in ce shi ke nan, sai ya dawo. Baba yana ta motsa leɓe, ina jin addu'a yake. Can ƙarar zarton ta fara laushi. Ta mayar da harshenta ciki, ta haɗiye miyau. Baba ya aika wani ya karɓo ruwa mai tsabta a wurin mai shayi, ya tsoma yatsunsa ya kai bakinta. Ta lasa. Ya sake tsomawa. Ɗan maharbin da ba ya kusanta kare da ruwa ya zauna dirshan a ƙasa yana ɗiga mata da yatsa, har ta juyo da ido ta dube shi, bindinta ya ɗan motsa a cikin taɓo.

A ƙirjinsa ya rungumo ta har gida, ya wuce ta gaban abokansa masu wasan dara, suna ta tsokanarsa wai ya yi sabuwar jaririya. Geron kuwa na manta shi a bakin titi, kafin a ɗauko ya yi tsami, matan zumunta ba su sha kunun Mama ba a ranar. Mama ta shafa wa ƙafafun Gimbiya man kaɗanya ta naɗe su da tsumma. Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne da safiyar Litinin. Baba ya ɗauko kambas, sai ga ta ta jawo jiki daga kwalin da muka kwantar da ita, tana ɗingishi a kan tsummokaran, tana kaɗa bindi, ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Da ya buɗe mata, da ta bi shi. Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauke ta ya ɗora mini a cinya, ya ce, "Mamana, riƙe ta da kyau." Ya fita shi kaɗai, ita kuma ta yi ta kuka har ya dawo.

Bai daina gudu ba, bai kuma koma shiru ba. Da ƙafafunta suka warke, sai ya ƙirƙiro wata fita ta daban, da yamma lis in ƙasa ta huce, ta hanyar turɓaya da ke gangarawa gonarmu. Ba ya jan igiya. Inda ta tsaya shinshina ciyawa, nan zai tsaya, da gorar ruwa a aljihu. Yakan ce wa masu tambaya, "Gudu nawa ne, yawo namu ne."

Yanzu a unguwar Television nake zaune da nawa iyalin. Da safiyar Asabar nakan ga samari da 'yan mata cikin kayan motsa jiki masu sheƙi, kunnuwa a toshe da waya, wasu da 'yan ƙananan karnuka irin Gimbiya a bayansu, gajerun ƙafafu suna ta faman cim ma dogaye. Ba na cewa duk laifi suke yi. Akwai masu fita da sanyin safiya, su yi kaɗan, su tsaya su ba da ruwa, kuma za ka ga karen yana jin daɗinsa. Amma in rana ta ɗaga na ga harshe ya zazzago, mai igiya kuwa idonsa yana gaba, wani lokaci sai in tsayar da mutum in roƙe shi ya dubi bayansa. Wasu su gode, wasu su yi mini kallon wadda ta cika shisshigi. Gimbiya ta tsufa a gidanmu har idonta ya yi hazo, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya, gonar bakin kogin kuma an yi gini a kanta. Da zan sake ganinsu sau ɗaya, a hanyar nan nake so in gan su, dogon mutum yana tsaye yana jiran 'yar ƙaramar halitta ta gama shinshina ganye. Ita ba ta taɓa koyon tsayawa don kanta ba, shi ne ya koyi waiwaye.