Madubin da Na Ɗaure wa Baba

Ni ne na raba mahaifina da tuƙi, kuma da hannuna na yi, da sifana ɗaya da noti biyu. Gara in faɗi wannan tun farko, don na gaji da jin mutane suna cewa ai ciwo ne. Ciwo ne, na yarda, amma sun daɗe suna zaune lafiya shi da ciwonsa kafin in tsoma baki.

Motar ta girme ni. Tsohuwar ƙirar Faransa ce mai dogon baya, ruwan ƙasa, irin wadda yanzu sai ka yi tafiyar yini ba ka ga guda ba. Da ita Baba ya ciyar da mu, yana jigila tsakanin Bagudo da Tsamiya, wani lokaci ya tsallaka Benin ya dawo. Komai nata yana aiki, ban da madubin gefen direba. Ƙafarsa ta saki, haƙoran notin sun cinye. Da an shiga gargada sai ya fara rawa, can kuma ya sunkuya yana kallon taya. Baba ya cusa masa tsinken ashana, ya naɗe shi da robar tayar keke, duk a banza.

A shekarun nan ne idon Baba ya fara ja da baya. Abin da ke gabansa yana gani, amma na gefe sai ya zo daf da shi. Ya gogi wani ɗan kabu-kabu a mararrabar Zagga, Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ya kuje. Ya ture ƙwaryar wata mai nono a tasha yana ribas. Duk ranar da aka yi haka, magana ɗaya yake dawowa da ita gida.

"Madubin ga shi ka rawa. Idona lahiya lau."

A tasha kowa ya bi shi a haka. Kamasho ya daina ba shi fasinja, sai buhunan shinkafa da albasa, yana ce masa ai motarsa ce kaɗai ke da ƙarfin ɗauka. In zai fita sai direbobi su miƙe kamar suna miƙa, wannan ya tare hagu, wancan ya kore akuya, suna zagin madubin tare da shi. Ni abin haushi yake ba ni. Manya da gemu, a taru ana wasan yara!

Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunana. Da na fara koyarwa a firamare sai ya samu mafita, ya koma ce mini Malam. Sau nawa na ce masa mu je asibiti a Birnin Kebbi a duba idon?

"Malam, in kana da ilimi ka gyara madubi," in ji shi.

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai dai bar mai madubinai."

Ban bari ba. Ina da taurin kai, a wurinsa na gada. Lissafina shi ne, in madubi ya daina rawa, uzuri ya ƙare, dole ya bi ni asibiti. Tsoron kada ya kashe wani yana ciki, wallahi yana ciki. Amma son in ci gardama ma yana ciki, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Wata Alhamis na ari motar, na ce zan ɗauko shinkafa a Kurgu. Na miƙe sai tsallaken iyaka, wurin wani tsohon bakanike Badende, ɗan ƙabilar can, da ke tara kayan irin motocin nan a bayan rumfarsa. Tun kafin in kashe inji ya gane ta.

"Motar Alhaji ce wannan. Ya san ka kawo ta?"

Na ce madubi kawai za a ɗaure. Ya kama shi ya girgiza, ya dube ni.

"Sau uku ina ce masa ya tsaya in yi masa, aikin shan shayi ɗaya ne. Ya ce a bari."

Mai hankali a nan zai juya. Ni kuwa na ce tsufa ne, a yi. Ya cire marfin ƙofar ta ciki, ya huda sababbin ramuka, ya sa faifan ƙarfe ya tokare, ya zura noti biyu. Da ya gama na karɓi sifanar na ƙara murɗawa da kaina har tafin hannuna ya yi ja. Duk gargadar hanyar dawowa madubin ko gezau bai yi ba, ni kuma ina ta murna kamar na yi abin kirki.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a, abokan Baba suna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na miƙa masa makulli a gabansu. A gabansu fa! Na ce ya gwada ya gani. Ya shiga, ya tayar, ya miƙa hannu ta taga zai ɗago madubin kamar kullum. Madubi ya ƙi motsi. Ya sake turawa da ƙarfi. Sai ya mayar da hannun kan sitiyari.

Ban tsaya nan ba. Na zaga bayan motar ta hagu, na tsaya daidai inda madubin ke kallo, da farar babbar rigata, taku biyar tsakanina da shi. Ya sa giyar baya. Ya daɗe yana duban madubin, sannan ya ɗaga murya cikin ladabi.

"Baiwar Allah, kauce in yi baya."

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Baba, ni ne," na ce.

Ya kashe motar. Ya fito, ya shafa ƙafar madubin, ya ce gyara ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya sa mini makullin a hannu ya shige gida, bai yi wa abokansa sallama ba.

Bayan kwana huɗu ya bi ni asibitin, ko musu bai yi ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma a hankali zai bi. Ya rubuta maganin ɗigawa. Na yi zaton za a yi aiki, a naɗe idon kwana biyu, in mayar masa da motarsa yana gode mini. Ashe babu abin da zan mayar masa.

A hanyar dawowa ni ke tuƙi, shi yana gefe ya ɗora hannuwa a cinya. Da muka hau gadar kogi na rage gudu. Na ce ya yafe mini, na yi ne don ya gane ba madubin ba ne.

"Malam," ya ce, "na sani tun bara waccan. Innarka ta sani, 'yan tasha sun san na sani. So nike in kai ƙarshen shekarar ga, in aje da kaina."

Tun daga ranar bai sake taka tasha ba, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya a kan maganar ba. Bana ya daina gane fuskata sai na yi magana.