Zaren Likkafanin Kaka

Ranar Talatar da ta wuce, a ajinmu na yaƙi da jahilci, malam ya kira ni in rubuta kalma biyu a kan allo. Da na koma na zauna sai na dubi hannuna, na ga garin alli ya yi fari a babban yatsana da manuni. Na daɗe ina kallonsa, har sai da na kusa da ni ya zungure ni. Yatsun nan biyu da farin nan, haka na san hannun kakata tun da na yi wayo. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarinta, ko da zai ɗauke ni mako biyu. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ban daɗe da fara riƙe fensir ba.

A Fagge aka haife ni, tun Turawa ba su tafi ba. Gidanmu na ƙasa ne, da zaure ɗaya da ɗakuna uku da bishiyar gwanda a bayan madafa. Babana yaron kanti ne a Kantin Kwari, wajen wani Kwara, wato Balarabe, mai sayar da yadi. Tun safe har la'asar yana auna yadi yana yagewa, in ya dawo gida ƙamshin sabon yadi na bin rigarsa. Kaka mahaifiyarsa ce. Ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar kakanmu, ta zo da tabarma, da wata tukunya mai murfi, da taskirarta ta kaɗi.

Kaɗi shi ne rayuwarta. Da hantsi takan zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa, auduga a hannun hagu, mazari a dama. Allinta ita take yin abinta: ta ƙona ƙashin saniya har ya yi fari, ta daka, ta cura. Kafin ta murza mazari sai ta dangwali allin da yatsu biyu, don yatsa ya bushe ya kama. Daga nan sai ka ji mazarin yana wani siririn kuka a cikin ɗan ƙoƙo, zare yana fitowa daga audugar kamar dama can yana ciki.

Zaren da take kaɗawa a shekarun nan ba na sayarwa ba ne. A garinsu, mace in ta tsufa takan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta ajiye abinta. Uwarta haka ta yi, kakarta ma haka. Wani masaƙi a cikin birni ya gaya mata dunƙule goma sha biyu za su ishe ta. Duk wanda ta gama sai ta jefa a tukunyar nan ta rufe. Bakwai ne a ciki daminar da hannunta ya fara ciwo.

Sanyin ƙashi aka ce. Daminar ta yi ruwa sosai, daɓen ɗaki kullum a jiƙe, bango yana warin ƙasa, kwaɗi suna ta kuka a kududdufin bayan gida. Kaka ta tashi da safe yatsunta a dunƙule, sai ta sa ɗaya hannun ta riƙa buɗe su ɗai-ɗai tana cije leɓe. Gaɓoɓin suka kumbura kamar gurjiya. Ta murza mazari, ya yi juyi biyu ya kwanta. Na sha ganinta ta zuba masa ido, kamar yaron da ya ƙi jin magana.

Babana mutum ne mai tausayi, uwarsa kuwa ba ya haɗa ta da kowa. Ya kira wanzami aka yi mata ƙaho. Aka dafa ɓawon ararrabi ta sha. Aka gasa ganyen tumfafiya aka ɗaure mata a wuyan hannu. Wani ya ɗan sa ta ji dama, wani bai yi komai ba. Ran nan sai ya dawo daga kanti da farin akoko a naɗe, ya durƙusa a gabanta ya ajiye.

"Inna, ga shi. Babu wanda ya fi shi kyau a kantin. Ki huta da kaɗin nan."

Ta shafa yadin da bayan hannu, ta ce, "Wa ya kaɗa shi?"

"Inji ne, Inna, can ƙasar Turawa."

"To, injin ya san ni?"

Ta ce ya kai wa matarsa ta yi labule, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗauki yadinsa ya fita, idonsa ya yi ja.

Akwai wata mata a kasuwar Sabon Gari da Kaka ke sayen barkono a wurinta. 'Yar kudancin Zariya ce, Kirista, mijinta yana aikin jirgin ƙasa. Daga garinsu ake aiko mata da ɗanyar citta a buhu, shi ya sa muke ce mata mai citta. Ta kai sa'ar mahaifiyata ko ta ɗan girme ta. Tana kiran Kaka Iya, Kaka kuma kullum tana tsokanarta wai Hausarta ba ta nuna ba. Da ta ga mako uku tsohuwar ba ta leƙo kasuwa ba, sai ta tambayo gidanmu, ta tsallako Fagge ranar wata Lahadi da ta taso daga coci. Ta zo da wani ɗan gwangwani. Man kaɗanya ne ta narkar da dakakkiyar citta da ɗan kanumfari. Ta ce a shafa mata safe da yamma, a murza sosai, kada a goge.

Mahaifiyata ta ɗauki aikin. Kullum bayan an sha koko sai ta zauna ta murza wa Kaka yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta yi ta sa mata albarka. Amma da zarar ta juya ta shiga madafa, sai in ji an ce ƙasa-ƙasa, "Mijina, zo nan." Ka san wasan kaka da jika, haka take kirana. In zo in tsaya, ta kama ƙwaurina ta goge man nan tas a jikina, ciki da bayan hannunta. Sannan ta cuɗa hannun da toka, ta ɗebi ruwan randa mai sanyi ta wanke, ta jawo taskira.

"Wannan tsakanin mata da miji ne," in ji ta. "Ka faɗa wa wani, na sake ka."

Shekarata bakwai ko takwas. Ban faɗa wa kowa ba, ban kuma tambayi dalili ba. Ƙafafuna suka riƙa sheƙi suna ɗan zafi-zafi, yaran unguwa suna cewa ina warin yaji. Hannun Kaka kuwa sai gaba ciwon yake yi, don ruwan sanyin nan da tokar sun fi komai cutar da shi. Fatar ta tsattsage. Wata rana ma ko ludayi ta kasa riƙewa, sai a baki aka ba ta kunu.

Babana ya ga kaɗin ne ke kashe mata hannu. Ba zai iya duban uwarsa ya ce ta bari ba, don haka sai ya daina sayo auduga. Da ma shi ke kawo mata duk Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ita ba ta tambaya ba, shi bai yi bayani ba. Suna gaisawa da safe kamar kullum, amma gaisuwar ta gajarce. Na ga audugar taskirarta tana ƙarewa, har ta rage ba ta fi cikin tafin hannu ba. Ta daina taɓa ta. Ta zauna a ƙofar ɗaki da hannuwa a cinya, ko tsokanata ta bari.

Ana cikin haka mai citta ta dawo. Ta kama hannun Kaka ta juya shi, ta ga ya bushe ƙayau kamar bai taɓa ganin mai ba. Ta buɗe gwangwani, ga shi ya kusa ƙarewa. Ta dubi mahaifiyata, mahaifiyata ta rantse ba ta taɓa tsallake rana ba. Daidai nan na shigo na durƙusa in gaishe ta. Sai na ga ta ɗaga hanci. Ta sunkuya ta shafi ƙwaurina, ta shinshina yatsanta.

"Iya," ta ce, "ciwon ya koma ƙafar mijinki ne?"

Na ji kamar in nutse. Kaka ta fashe da dariya, dariyar da ta ƙare da share ido da gefen zane. Ba ta yi gardama ba. Ta lakaci man a yatsu biyu, ta ɗauki mazari ta murza, ya sulluɓe ya faɗi. Ta taɓa audugar da yatsan, wurin ya yi rawaya. Sannan ta sa na jawo tukunya ta buɗe.

"Bakwai ne. Saura biyar. In na bar manki a hannuna ba zan yi kaɗi ba, in kuma na yi, da zare mai maiƙo zan je gaban Ubangijina. Ke kin ce kada a goge. Na ji kunyar in ce miki maganinki ya tare mini hanya."

Mai citta ta daɗe tana kallon dunƙulallen zaren nan. Ta ce, "Laifina ne, Iya. Na ba hannu magani ban tambayi aikin da yake yi ba."

A ranar ta sake tsarin komai. Da safe babu mai. A daka ɗanyar citta a tafasa, a bari ruwan ya sha iska, Kaka ta tsoma hannuwanta har wuyan hannu tana motsa yatsu a ciki, sai sun saki. Ta goge su bushe, sannan ta dangwali allinta. Kaɗi daga hantsi zuwa azahar kawai. Mai sai bayan la'asar, in an ajiye mazari, a naɗe hannun da tsumma ya kwana a haka. Ta hana ta taɓa ruwan randa da safe, ta hana ta fura mai sanyi, wadda ita ce abin da Kaka ta fi so a duniya. Ta ce kunun gero mai ɗumi da citta da ɗan gangamau, da miyar kuɓewa ko zogale a sa busasshen kifi a ciki. Ta sa aka ɗaga shimfiɗarta daga daɓe zuwa gadon kara.

Da za ta tafi ta tarar da babana a zaure. Ina biye da ita da kwandonta, na ji abin da ta ce. "Maigida, hannun da aka ajiye sandarewa yake yi. Ka bar ta ta yi kaɗan-kaɗan. In ka raba ta da zaren nan, ba hannu kaɗai za ka rasa ba." Ya yi mata godiya. Washegari, ba ma Juma'a ba ce, na ga ƙunshin auduga a ƙofar ɗakin Kaka. Ta ɗauka ta shinshina, ta ce wannan yaro har yau bai iya zaɓen auduga ba.

Ba zan ce maka ta warke ba, don ba ta warke ba. Yatsunta biyu a karkace suka zauna har ta bar duniya, kuma duk damina sai ciwon ya motsa. Amma da safe hannun yana buɗewa, yana kama mazari. Dunƙulen da take gamawa a wata ɗaya ya koma cin wata uku, wani har huɗu. Akwai makon da ba ta taɓa taskira sam. Ɗakinta kullum ƙamshin citta, tana shan kununta tana ƙorafi wai an mai da ita mai jego. Sai a damina ta uku na goma sha biyu ya shiga tukunya.

Babana da kansa ya raka ta wurin masaƙi. Masaƙin ya warware zaren ya ce na baya-bayan nan ya yi kauri, ga ƙulle-ƙulle, saƙar ba za ta yi sumul ba. Kaka ta ce ya saƙa haka nan, wanda za ta je wurinsa ya san hannun da ya yi. Da aka kawo, aka haɗa ƙyallayen aka ɗinke, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kwanta, ta ja babban ƙyallen har ka. Mahaifiyata tana salati tana cewa ta tashi don Allah.

"Mijina, duba mini," ta ce daga ciki. "Ƙafata ta fito?"

Na ce ba ta fito ba.

"To, alhamdu lillahi. A damo mini fura. Mai sanyi."

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ranar da ta rasu, babana ne ya buɗe tukunyar ya ciro likkafanin ya miƙa wa mata masu wanka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin yadi, na ga ya riƙe saƙar nan mai kaushi da hannu biyu, ya kasa saki da wuri.

Yanzu na wuce shekarun da babana yake da su a lokacin. Gidanmu ya zama shaguna, ba na jin akwai sauran mace mai kaɗi a unguwar. In tsoho ya yi kukan gaɓoɓi sai a sayo masa ƙwaya a kemis, kuma tana aiki, ni ma na sha. Sai dai ban cika jin an tambaye shi abin da yake so ya ƙarasa da hannun ba. Bara maƙwabcina ya rasu, aka aike ni sayen likkafani. Na hau keke na je Kantin Kwari, mai kanti ya auna, ya ɗan tsaga baki da almakashi, ya ja. Ƙara ɗaya, an gama. Yadin fari ne, mai laushi, ba shi da aibu ko ɗaya. Na ɗaure shi a bayan keke na dawo, ruwan wankan ma bai gama ɗumi ba.